Zaɓen Fannin Digiri na Biyu a Kimiyyar Kwamfuta: Lissafin Riba da Hasara Daga Gombe

A duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sayar da takardun neman shiga karatun gaba da digirin farko, akan ga matasan da suka kammala bautar ƙasa a birnin Gombe suna kai-kawo tsakanin shagunan intanet da bankuna, kowa na ƙoƙarin cike tasa kafin a rufe. Da yawa daga cikinsu kimiyyar kwamfuta suka karanta, kuma iyayensu ko yayyensu da za su biya kuɗin 'yan kasuwa ne, masu shaguna a Babbar Kasuwa ko dillalan hatsi a Tudun Hatsi. Mutumin da ba zai sayi buhun masara ɗaya ba sai ya soka hannu ya duba ƙwayar, sau da yawa yakan zuba miliyoyin Naira a karatun ɗansa ba tare da ya tambayi wane fanni yaron ya zaɓa ba, ko kuma wane ne zai ɗauke shi aiki idan ya gama. Darasinmu na wannan fitowa zai duba wannan zaɓi kamar yadda ake duba kowane irin jari.

Yadda kasuwar ta sauya

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, babu wayar salula irin ta yau a Nijeriya, domin sai a shekarar 2001 aka yi gwanjon lasisin kamfanonin farko. A wancan zamani, duk wanda ya iya sarrafa na'ura mai ƙwaƙwalwa ana ɗaukarsa masanin komai, shi ne mai gyara, shi ne mai rubuta manhaja, shi ne kuma mai koyarwa. Ɗalibin Gombe da ke son wannan ilimi sai ya nufi Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko Yola, ko Zariya, ko Kano. Daga baya ne aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada cikin 2004, sannan Jami'ar Tarayya ta Kashere cikin 2011, masu digirin farko a wannan fanni suka yawaita.

Idan kaya suka yawaita a kasuwa, mai saye yakan fara zaɓe. Hukumomin ilimi su ma sun lura da haka. A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin manhajar karatu wanda ya ware ilimin kwamfuta a matsayin fage mai zaman kansa, tare da rassa irin su tsaron kwamfuta, kimiyyar sarrafa bayanai, injiniyancin manhaja, tsarin bayanai da fasahar sadarwa. A farkon 2024 kuma, hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta raba babbar difiloma ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu. Ma'anar wannan ga wanda ya yi digirinsa a ƙarƙashin tsohon tsari ita ce, ƙannensa da ke biye da shi za su fito da takardu masu ɗauke da sunan wani fanni takamaimai, shi kuwa tasa takardar ta gama-gari ce. Digiri na biyu shi ne damar da yake da ita ta zaɓar wa kansa rumfa a wannan kasuwa.

Digiri a matsayin jari

Masana tattalin arziki suna da ra'ayoyi biyu sanannu game da abin da ya sa ilimi ke ƙara albashi. Na farko shi ne na Gary Becker na Jami'ar Chicago, wanda a littafinsa na 1964 ya nuna cewa ilimi da horo jari ne da ake zubawa a jikin ɗan Adam, kamar yadda ake zuba shi a injin niƙa, kuma ribarsa ita ce ƙarin abin da mutum zai iya samarwa. Na biyu shi ne na Michael Spence, wanda a 1973 ya bayyana cewa takardar shaida alama ce kawai da mai neman aiki ke ɗaga wa mai ɗauka, domin ya bambanta kansa da saura. Dukansu biyu sun samu lambar yabo ta Nobel, Becker a 1992, Spence a 2001.

Ra'ayoyin nan biyu suna aiki a Nijeriya, amma a wurare daban-daban. A aikin gwamnati da jami'o'i da manyan bankuna, takardar kanta tana da daraja, domin da ita ake auna matakin albashi da ƙarin girma. A kamfanonin manhaja kuwa, musamman waɗanda ke ɗaukar ma'aikata daga nesa, jarrabawar aiki ake ba mutum, ya rubuta manhaja a gaban masu gwaji, kuma ba safai ake tambayar takardarsa ba. Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ɗan asalin Gombe wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta a Bauchi, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Robert Gordon da ke Scotland, ya shugabanci hukumar NITDA daga 2016 zuwa 2019 sannan ya riƙe Ma'aikatar Sadarwa har 2023, ya wallafa littafi a 2022 a kan wannan batu na fifikon ƙwarewa bisa takarda tsura. Saboda haka tambayar farko ga ɗalibi ita ce: wace ƙofa yake son ƙwanƙwasawa, mai neman takarda ko mai neman ƙwarewa?

Sai kuma lissafin kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga kuɗin makaranta kaɗai, a manta da albashin da mutum zai sadaukar yayin da yake aji. Mu ɗauki misali, alƙaluman kuma na misali ne domin fahimta. A ce matashi yana karɓar Naira 150,000 a wata, ya ajiye aikin ya tafi karatu na tsawon wata 24. Albashin da ya bari ya kama Naira 3,600,000. A ce kuɗin makaranta da masauki da kwamfuta da data da zirga-zirga da buga kundin bincike sun ci Naira 1,800,000. Jimillar jarin ta zama Naira 5,400,000. Idan digirin ya ƙara masa Naira 90,000 a wata, sai ya yi wata 60, wato shekara biyar, kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan ƙarin Naira 45,000 ne, shekara goma ke nan. Amma idan ya riƙe aikinsa ya yi karatun ƙarshen mako, jarin Naira 1,800,000 ne kurum, kuma da ƙarin 90,000 zai mayar da shi cikin wata 20.

Akwai abubuwa biyu da ke iya dagula wannan lissafi. Na ɗaya, hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, tana rage darajar kuɗin da za a karɓa nan da shekaru biyar. Na biyu, tsawaitar lokacin karatu. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na kimanin wata tara a 2020, da kuma na wata takwas a 2022. Kowane wata da aka ƙara a kan wa'adin karatu, albashin wata guda ne ya sake salwanta.

Fannonin da masu sayensu

Tsaron kwamfuta da kare bayanai. Wannan fanni yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita, wato doka ce ke haifar da buƙatarsa. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Tun 2018 Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa bankuna da kamfanonin biyan kuɗi su naɗa babban jami'in tsaron bayanai. A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma tilasta wa manyan masu riƙe bayanan mutane su samu jami'in kare bayanai, tare da tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Asibitoci da jami'o'i da ƙananan bankuna da hukumomin inshorar lafiya duk suna riƙe da irin waɗannan bayanai, kuma akwai su a Gombe. Sai dai a sani, masu ɗaukar aiki a nan sukan nemi takardun ƙwararru a kan digirin, irin su Security+ ga mai farawa, ko CISSP wadda ba a ba mutum ita cikakkiya sai ya yi shekara biyar yana aikin. Bugu da ƙari, manyan kujerun suna hedikwatocin bankuna a Legas da Abuja.

Kimiyyar sarrafa bayanai. Aikin mai wannan fanni shi ne ya tattara alƙaluma, ya tsabtace su, ya fitar da amsar da za ta taimaka wajen yanke shawara. A ganina wannan ne fannin da ya fi dacewa da wanda ya ƙudura zama a Gombe. Hukumar GOGIS tana mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, hukumar tara kuɗin shiga tana buƙatar sanin masu biyan haraji, Asibitin Koyarwa na Tarayya yana tara bayanan majinyata, ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas kuma ba sa rabuwa da neman jami'an bibiya da tantance ayyuka. Hatta babban dillalin hatsi zai amfana da wanda zai jera masa farashin masara da wake na shekaru goma ya nuna masa watan da ya fi dacewa a saya da wanda ya fi dacewa a fitar. Sharaɗinsa shi ne ƙarfi a ilimin ƙididdiga. Wanda ya sha wuya a wannan darasi a digirin farko, to ya san abin da ke jiransa.

Ƙirƙirarriyar basira. Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwambar 2022, babu fannin da ya kai wannan farin jini a bakin matasa. Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar NCAIR a Abuja tun 2020 domin bincike a kansa. Mai jin Hausa yana da wata dama ta musamman a nan, domin na'urorin da ke fassara da sauraron magana suna ƙarancin ingantattun bayanai a harsunan Afirka, kuma masu bincike daga Jami'ar Bayero, irin su Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad, sun yi suna a duniya da tattara irin waɗannan bayanai na Hausa da sauran harsuna. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Fannin yana buƙatar lissafi mai zurfi, da na'urori masu tsada, da malamin da ke bincike a kai da gaske. Guraben aikinsa a cikin gida ba su kai yawan masu sha'awarsa ba, kuma hanyarsa galibi tana bi ta digirin digirgir ne. Ya dace da wanda ke son zama malamin jami'a ko mai bincike, kuma yake da halin jira.

Injiniyancin manhaja. Wannan shi ne fannin da ya fi faɗin kasuwa. Kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya sun bunƙasa ƙwarai: a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan sama da dala miliyan 200, ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kuma ya tura har masu sayar da tumatir ga karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS. Haka nan shi ne fannin da ya fi sauƙin yi daga gida ana karɓar albashi daga Legas ko ƙetare. Duk da haka akwai darasi a abin da ya faru a watan Satumbar 2019, lokacin da kamfanin Andela ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja kimanin 400 a ƙasashen Afirka, yana mai cewa kasuwa gogaggu take nema. Zuwan manhajojin da ke rubuta wani sashe na aikin da kansu ya ƙara matsa wa masu farawa. A wannan fanni ne digiri na biyu ya fi ƙarancin tasiri a kan albashi, domin shekara biyu na aiki a kamfani mai kyau sukan fi shekara biyu a aji, sai fa ga mai son koyarwa ko shugabantar sashe.

Hanyoyin sadarwa da rumbunan bayanai. Duk manhajar da aka rubuta a kan waya da turaku da rumbuna take tafiya, kuma waɗannan ba a kula da su daga Landan. Kamfanonin salula, da rassan bankuna, da kamfanin siminti na Ashaka, da tashar lantarki ta Dadin Kowa, da jami'o'i, duk suna buƙatar wanda zai je wurin da ƙafarsa. Fannin ba shi da ƙyalli a idon matasa, wanda hakan ke rage gasa. Takardun Cisco da na AWS suna da nauyi a nan, wani lokaci fiye da digirin.

Tsarin bayanai na gudanarwa. Wannan ya haɗa kwamfuta da sha'anin kasuwanci: ajiyar kaya, lissafin kuɗi, biyan albashi, sayen kayan aiki. Shi ya fi dacewa da ɗan da ake shirin miƙa wa ragamar kasuwancin gida, ko ma'aikacin gwamnati mai neman zama daraktan sashen fasaha. Wanda ya yi shi ba zai zama gwanin rubuta manhaja ba, amma zai san abin da zai saya, da nawa ya kamata ya biya, da yadda zai gane ɗan kwangilar da ke neman yi masa rufa-rufa.

Irin digirin da wurin yin sa

Jami'o'in Nijeriya suna ba da digiri na biyu iri biyu. Akwai na ilimi, mai kundin bincike, wanda shi ne ke buɗe ƙofar digirin digirgir da aikin koyarwa a jami'a. Akwai kuma na ƙwararru, wanda akan yi a ƙarshen mako domin ma'aikata, kuɗinsa ya fi yawa, kuma galibi ba a karɓarsa kai tsaye wajen neman digirin digirgir. Mutane da dama sun gano wannan bambanci ne bayan sun gama, lokacin da gyara ya yi wuya. Wanda ke da babbar difiloma ko digiri mai daraja ta uku kuma, yawanci sai ya fara da difilomar gaba da digiri, wato ƙarin shekara guda a lissafinsa.

Ta fuskar wuri, Bauchi tana da nisan kimanin kilomita 150 daga Gombe, abin da ya sa ma'aikaci zai iya zuwa ya dawo a mako. Akwai Jami'ar Modibbo Adama a Yola, da Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Abuja. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a Gombe, kuma cibiyarta ta ACETEL, wadda aka kafa da tallafin Bankin Duniya, ta buɗe digiri na biyu a ƙirƙirarriyar basira da tsaron kwamfuta da tsarin bayanai na gudanarwa.

Karatun ƙetare kuwa lissafinsa ya canza baki ɗaya. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 kuma ta haura 1,500. Karatun da ke cin dala 20,000 ya tashi daga Naira miliyan 9.2 zuwa miliyan 30 ba tare da jami'ar ta ƙara ko kwabo ba. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyalansu. Saboda haka wanda ba shi da tallafi irin na PTDF ko NITDA, gara ya duba karatu ta intanet, irin wanda jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta fara a 2014 a kan kuɗin da bai kai dala 7,000 ba a lokacin.

Mai shirin karatu ko aiki daga gida kada ya manta da wuta. A watan Afrilun 2024 ɓarayi suka lalata turakun babban layin lantarki da ya taso daga Jos zuwa Gombe, yankin ya shafe makonni cikin ƙarancin wuta, sannan a watan Oktoban shekarar aka sake yin ɗaukewar da ta shafi yawancin jihohin Arewa. Kamfanin da ke biyan albashi daga ƙetare ba ya karɓar uzurin wuta. Kuɗin farantan sola da batura da layukan intanet biyu wajibi ne su shiga cikin jarin tun farko.

Abin da za a bincika kafin a biya kuɗi

Kafin ɗalibi ya sayi takardar neman shiga, ya kamata ya tara tallace-tallacen guraben aiki guda 30 na watanni shida da suka wuce a fannin da yake so, ya rubuta abin da kowanne ya nema, ya ƙirga nawa ne suka ambaci digiri na biyu, nawa ne kuma za a iya yi daga Gombe. Wannan shi ne jin farashi kafin a ɗauki kaya. Sannan ya ziyarci sashen da kansa ya tambayi malamai nawa ne ke da digirin digirgir a ainihin wannan fanni, domin sunan kwas a takarda daban, malamin da zai duba kundin bincike daban. Ya nemi waɗanda suka riga shi ya ji wata nawa suka ɗauka kafin su gama, da inda suke aiki yanzu. Ya kuma gwada kansa da darasin wata uku a fannin, ta intanet ko ta shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta fara a ƙarshen 2023, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Daga ƙarshe, ya zaɓi batun bincike da ke da mai saye. Kundin da ya warware matsalar ajiyar magunguna a wani asibiti, ko ya yi hasashen farashin hatsi a kasuwannin Kumo da Bajoga, zai iya zama hanyar samun aiki ko tushen kamfani, alhali wanda aka kwafo daga binciken wata ƙasa a kan kanta zai ƙare.

Ga 'yan kasuwa masu ɗaukar nauyi

Majalisar sauƙaƙa harkokin kasuwanci ta Shugaban Ƙasa, PEBEC, ta sanya Jihar Gombe a matsayi na ɗaya a rahotanninta na 2021 da 2023. Masu zuba jarin da irin wannan shaida ke jawowa za su nemi ma'aikata, kuma idan ba su samu a gida ba, za su zo da nasu. Mai kamfanin da ke son tura ma'aikacinsa karatu ya rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: fannin da za a karanta, shekarun da zai yi wa kamfanin aiki bayan ya dawo, da sharaɗin cewa bincikensa ya shafi wata matsala ta kamfanin. Uba kuma ya zauna da ɗansa ko 'yarsa da takarda da alƙalami, su yi lissafin da muka nuna a sama da alƙaluman gidansu. Idan uwar kuɗi ba za ta dawo cikin shekara biyar ba, a duba karatun ƙarshen mako, ko takardar ƙwararru, ko a jinkirta zuwa baɗi har yaron ya ƙara gogewa a wurin aiki.